A Jidda Na Baro Hannuna

Injin ban-ruwan gidanmu aka sayar aka yi mini kuɗin tafiya. Kai Sabi'u, ajiye wayar nan, ai kai ka tambayi abin da ya sa nake cin tuwo da hagu.

Gadi aka ce zan yi. Da na sauka Jidda, kafilina Abu Nasir, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya kai ni wani fili bayan unguwar Waziriyya, inda ma'aikatan kamfanoni suke buga wata 'yar ƙwallo da kulki. Ya ce sunanta bisbol. Ni kuwa bismilla na ji, na shiga waige ina neman akushi.

Ran nan ƙwallon ta faɗo bakin ƙofa, na mayar musu. Kun san mu, da hoge muka tashi muna korar tsuntsu a fadamar shinkafa. Wanda ya cafe sai da ya yarfe hannu. Washegari aka ɗora mini hula, na zama majefin ƙungiya. Su su ce bitsha, ni in ce fica, duk ba mai gyara wa wani.

Shekara shida ina jifa. Har Dammam an kai ni gasa, an yi tafi. Wataƙila na ji daɗi, ban tuna ba.

Sai gwiwar hannu ta fara. Yatsu biyu suka daina ji, daga baya tafin gaba ɗaya. In ɗauki kofin shayi, sai wani ya ce, kai, da zafi fa! Likita ya ce in huta wata shida.

"Sitta shuhur?" in ji Abu Nasir. "Iƙamarka, takardar zamanka, saura wata biyu. Wa zai sabunta wa mai kwanciya?"

"Hannun fa ba ya ji."

"Ba ya ciwo ke nan. Yalla."

Na koma fili. Ranar da ƙwallo ta faɗi tsakiyar hanya sau uku a jere, Abu Nasir ya ce halas, aiki ya ƙare. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya samo mini izinin Hajji kafin in taho.

A Mina, wurin jifan Shaiɗan, na ɗaga hannu. Tsakuwar ba ta fi ƙwayar wake ba. A kan ƙafata ta faɗi. Na sake, haka. Usman, wani haifaffen unguwar Hindawiyya ta Jidda da muke tanti ɗaya, ya ce, "Ya ammi, hat, kawo in jefa maka, ana yi wa tsofaffi." Shekarata talatin da huɗu. Na juye masa sauran. Ko tunawa ban yi ina da hagu ba. Ban yi kuka ba, ban ji haushi ba, ban ji komai ba.

Da na dawo, iyayenku suka fito, Alhaji, Alhaji! Na durƙusa gaban Baba, ya kama hannun daman nan da hannu biyu, ya daɗe yana sa mini albarka. Ba don ina kallo ba, da ban san ya riƙe ni ba.