Tikitin da Na Ɓoye wa Mijina

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rifkatu, a unguwar Catford ta London muke zaune. Ku yi haƙuri, muryata tana rawa.

'Yata Alheri shekararta shida. An haife ta da cerebral palsy, lalurar ƙwaƙwalwa mai shafar motsin jiki, ba ta iya tsayuwa da kanta. A coci ina murmushi, amma a zuciya fushi nake da Allah. Har addu'a na daina.

Bara wata mata ta turo min bidiyon wani asibiti a ƙasar waje. Suna yi wa yara allurar stem cell, wato wasu ƙwayoyin halitta, a ƙashin baya, wai sai yaro ya miƙe ya yi tafiya. Na yi booking, na sayi tikiti biyu. Mijina Bitrus kuwa na ce masa wurin ƙanwata za mu. Ƙarya na yi masa, 'yan'uwa!

Saura kwana uku, na shiga tambayar kaina. In mun je wani abu ya same ta fa? In ba mu je ba, ni na hana ta tafiya da ƙafarta ke nan?

Na kai wa maƙwabciyata takardun asibitin, Hajiya Bilki, likita ce 'yar Katsina. Ta karanta ta ce, "Maman Alheri, allurar nan ana kan bincike, ba a tabbatar ba tukuna. Waɗannan ko sunan likitansu ba su rubuta ba. In zazzaɓi ya kama ta a can, wa za ki kira?"

Na dawo flat. Alheri ta ga akwatin da na shirya, ashe ta ji ni ina maganar asibitin. Ta tambaye ni da Turanci, a hankali yadda take magana, wai ta lalace ne za a kai ta gyara?

Wayyo! Nan na durƙusa a gaban kujerarta. "Ya Yesu, ka gafarta min! Ka ba ni ɗiya, ni kuma ina ganin aibi. Na gaji, ka karɓi tsoron nan!"

Da Bitrus ya dawo aiki na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Rifkatu, ai 'yarmu ce mu biyu." Tare muka yi cancel.

Har yau Alheri ba ta yi tafiya da ƙafarta ba. Muna zuwa physio, inda ake motsa mata gaɓoɓi. Tsoron gobe yana dawo min, musamman in na tuna wata rana ba za mu iya ɗaga ta ba. Amma yanzu in ya zo, addu'a nake yi, ba ɓoye-ɓoye ba.

Na gode wa Ubangiji! Iyaye irina, ku dogara gare shi, ku tambayi likita, kada ku ɗauki kayan nan ku kaɗai. Ku sa mu a addu'a. Amin.