Direban Kumbo Ya Fi Ɗana Zumunci

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Sunana Inna Hajo daga Ƙofar Marke, maƙwabciyata Malama Rahila ke rubuta min.

Ina cigiyar wasan talabijin na da, wanda mutane ke yawo cikin kumbo tsakanin taurari. Na ba jikokina labari, sunka yi dariya, wai kumbon kwali na. To, kwali na! Amma direban nan, komi nisan da yat tahi, sai ya latsa wani madubi, ya ga uwatai, ya gaishe ta. Ɗana Bello na nan unguwar Arkilla, cikin garin nan, ga irin madubin cikin aljihunai, tun ƙaramar salla ban ji muryatai ba.

Don Allah ku maido wasan, ko ya gani. Rahila, aje biron nan, na gaji.