Muryar Odile

A kasuwar gwanjo ta birnin Lyon, Gaspard, tsohon DJ mai haɗa kiɗa, ya ga wata mata riƙe da faifan da ya taɓa fitarwa. Ya zaro biro zai sa mata hannu a kan faifan.

"Madam, kin iya zaɓe! Duk Turai ta taka rawar wannan."

"Ban da uwata. Muryarta ce wanda ya yi faifan nan ya yanko daga tsohon faifanta, yake ta maimaitawa kan kiɗa. Duba bayan kwalin, ka ga sunanta, Odile?"

Ya juya kwalin, alhali ya san babu.

"Ai lokacin kowa haka yake yi."

"Haka ɓarayi ke cewa. Ka san shi ne?"

Gaspard ya mayar da biron aljihu.

"A'a, Madam. Sunansa kawai nake ji."