Jan Zakaran da Na Ƙi Yankawa

Mai karanta wasiƙu, sannu da aiki, Allah ya ƙara lafiya.

Ni manomi ne a wani ƙauyen Maguzawa na ƙasar Doguwa. Shekara uku ke nan da na zama Kirista. Da damina Baba ya kwanta ciwo. Ya kira ni ya ce, "Kai ne babba. Ɗauki jan zakaran nan ka yanka wa iskokin gidanmu a gindin tsamiya, in tashi."

An koya mana girmama iyaye, an kuma hana mu yi wa wani yanka bayan Allah. Na ce, "Baba, sai dai in yi maka addu'a." Ya juya fuskarsa bango. Bai ƙara yi mini magana ba har ya rasu, kwana huɗu tsakani.

Ƙannena sun ce ni na kashe shi. Ban musa ba, ban yi kuka ba. Ina zuwa gona, ina dawowa, ina cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa.

Masu sauraro, ku faɗa mini, daidai na yi? Zakaran yana nan. Kullum ni nake watsa masa dawa.