Gadon Ƙarfe a Kan Ruwa

Lidiya ta dawo! Ɗiyata Lidiya ta dawo gida da ƙafarta, da jaririya a hannu! Yanzun nan motar asibiti ta sauke su a ƙofar gidana, na baro su ina gudu, hulata ma can na manta ta.

Ku gafarce ni, murna ta riga gaisuwa fita. Maigari, ranka ya daɗe. Shugaban wannan taro, Fasto, Liman, Mushe Garba malaminmu, 'yan'uwana ɗaliban karatun manya, maza da mata, ina gaishe ku duka. Ni Ezekiyel aka zaɓa in yi godiya a madadin ɗalibai yau da muke rufe karatun bana. Na shirya magana, amma Allah ya ba ni wadda ta fi ta.

Godiyata ta fari ga Mushe Garba take. Kuna tune da kwanakin da rediyo ta ce mutane sun sauka a kan wata. Mushe ya ajiye karatun baƙi, ya kawo ƙwaryar ruwa gabanmu. Ya jefa ƙusa, ta nutse. Ya aza kwanon ƙarfe, ya tsaya a sama. Ya ce ƙasa tana jan kome zuwa gare ta, amma abin da ya fi ruwa cushewa shi ke sauka gindi, wanda iska ta cika cikinsa kuwa ruwa ke ɗaga shi. Ya ce can cikin kumbon mutanen nan babu mai nutsewa, ƙusa da kwano da mutum duk tare suke shawagi, ruwan sha ma sai ya dunƙule ya yi ta yawo gaban hancinka. A waje kuwa, inda rana ba ta bugawa, sanyin ya wuce misali, ruwan da aka zubar nan take yake watsewa ya zama ƙanƙara. Har ya ce ita ƙanƙarar, a nan duniya, ba ta nutsewa.

Maƙwabcina Ango, ga shi can yana ɓoye fuska, ya ce: "Mushe, ƙanƙara dai dutse ce, ta taɓa fasa mini kai a gona. In ta tsaya bisa ruwa, ni ma in tsaya!" Muka yi ta dariya.

Ba a jima ba sai ga safiyar da kuka sani. Naƙuda ta yi wa Lidiya tsanani, tsofaffi suka ce wannan ta fi ƙarfinsu. Ruwa ya kwana yana zuba, kwarin da ke tsakaninmu da hanyar asibiti ya cika ya batse. Mijinta Toma, da ke aiki a asibitin, yana tsaye a wancan gefe yana kira, mu muna nan gefe muna kallonsa. Jaki ya ƙi shiga. Mu mutanen tudu ne, ba mu san iyo ba. Na ji muryar ɗiyata tana raguwa, na ce a raina yau zan rasa biyu.

A nan ne kwanon Mushe ya faɗo mini a rai. Muka garo tano, wato gangunan ƙarfe, daga bayan coci, waɗanda kananzir ya ƙare a cikinsu, muka toshe bakinsu, muka ɗaure gadona na ƙarfe a kansu. Wata tsohuwa ta ce: "Ezekiyel, ƙarfe bisa ƙarfe? Kabari kake yi mata?" Na ce: "Inna, iska ce a ciki." Muka kwantar da Lidiya a kan gadon.

Godiyata ta biyu ga Ango take. Ba ɗiyarsa ba ce, ba cocinmu yake zuwa ba, amma shi ya rungumi ƙaton gora don ya ɗaga shi bisa ruwa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce bismilla, ya faɗa ruwan. Ruwa ya kai shi can ƙasa, ya kama reshe, ya fita, ya miƙa wa Toma igiyar. Ɗaya bakin igiyar yana ɗaure a gadon, muka tura, suka ja. Jama'a, gadon nan ya tsaya bisa ruwa! Ya yi tangal-tangal, ya jujjuya, amma ya tsaya, har ya kai.

Godiyata ta uku ga ma'aikatan asibiti take, musamman Malama Elizabet ungozoma, da ta karɓi haihuwar. Sama da kowa kuwa na gode wa Allah, wanda ya yi sararin sama da sanyinsa, ya kuma tuna da ɗan kwarinmu. Allah ya saka wa Mushe, ya ƙara wa Ango lafiya, ya raya jaririyar nan, ya ba mu damana mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.

Saura abu guda. Lidiya ta ba Malama Elizabet labarin gardamar Ango, sai ta aiko da dunƙulen ƙanƙara daga firigon asibiti, na'urarsu ta sanyi, a naɗe cikin buhu. Na saka shi a ƙwaryar ruwa kafin in fito. Ango, yana sama! Kai dai ka riga ka cika alkawarinka.

Ku taso duka mu je gidana. Ku zo ku ga sabuwar amaryata, da gashinta baƙi ƙirin, ku ga uwarta zaune tana dariya. Amma ku ɗaga ƙafa, rana ta yi zafi, ƙanƙarar tana narkewa. Na gode, na gode ƙwarai.