Harshen Inna Takawa

Assalamu alaikum. Wakilin Sarkin Kance, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Sarkin noma, dattawan Matameye, baƙinmu na Dungu da Yauri, Muntaka ɗan marigayiya da sauran dangi, sannunku da haƙuri.

An ce Ummaru ya yi magana a madadin gari. To, zan yi.

Inna Takawa ta kasance uwar kowane yaro a garin nan. Waɗanda suka ga yunwar Kakalaba sun tuna lokacin da muka koma cin 'ya'yan anza, masu ɗacin nan da ke murɗe cikin yaro idan ba su jiƙu sosai ba. Ta kasance tana bin gidaje, tana sa mata su zubar da ruwan jiƙon su sake sabo. Ta kasance ba ta yarda yaro ya kai anza baki sai ita ta fara taunawa. In ta tofar ta ce, “Da saura, 'yar nan, mayar,” sai a mayar, ko yara na birgima da kuka. Ni kaina ta taɓa buge mini hannu a bakin tukunya, da gemuna, ta ce, “Kai Ummaru, wa ya ba ka?”

Jama'a, bana fara ta cinye hatsi. Ɗan abin da ya rage a rumbu, kumandan Nasara ya aiko an kwashe wa soji. Yanzu kowane gida da anza a ruwa, ga shi harshen da muka dogara da shi yana cikin ƙasa. Gidan Manu sun gaji da jira sun dafa. 'Ya'yansa biyu na kwance, sai amai. Tsoro muke ji, ba ma ɓoyewa.

Shekara, 'yar marigayiya, na san kina jina daga bayan danga. Ke kika riƙa riƙe wa mahaifiyarki ƙwarya, ke kika ga yadda take ganewa. Ba mu ce ki tauna ba, ke da goyo. Jikata Maryama rabonta da abinci tun jiya. In an shafa Fatiha zan kawo tukunyar gidana. Ki duba, ki ce mini ta yi ko da saura. Ni zan fara kaiwa baki.

Mun gode muku da kuka tako da cikin yunwa. Allah ya jiƙan Inna Takawa, ya ƙosar da ita kamar yadda ta ƙosar da 'ya'yanmu. Allah ya tashi kafaɗun yaran Manu, ya kai mu kaka da ƙanananmu a raye. Liman, a yi mana Fatiha.