Sai Ciyawa Ta Yi Yaushi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Dikko ne daga Matsinkai. Ban yi boko ba, rubuta mani aka yi.

Tun shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Kaoje nake bizne ciyawa cikin rami don rani, amma sai na shanya ta ta yi yaushi. Bara ɗana Umaru ya ce, "Baba, ɓata lokaci ne," ya danne ta ɗanya sharaf. Da muka buɗe, sai ruwa da wari. Shanun huɗata suka shinshina suka kau da kai, har haƙarƙarinsu ya fito.

Bana ma yana son maimaitawa. To, Umaru, ka ji ta rediyo: gobe da safe ni zan yanka, ni zan shanya, kuma wanda ya taɓa ta kafin la'asar zai gamu da sandata.